Tarihin Marigayi Diori Hamani, Wakilin Nijar a Majalisar Faransa

 A wannan fitowa mun kawo muku tarihin marigayi Diori Hamani. Kowa ya san shi da shugaban ƙasar Nijar na farko, yaro ma ya san sunan, ko don filin jirgin saman Yamai da aka sa wa shi. Amma tun kafin ya zama shugaban ƙasa, ɗan majalisa ne, wato depite, wanda ya wakilci Nijar a Majalisar Dokokin Faransa. Abin da za mu bi a nan shi ne zaɓuɓɓukan da ya shiga, ɗaya bayan ɗaya: inda ya ci, da inda ya faɗi, da kuma abin da ya yi da akwatin ƙuri'a sa'ad da akwatin ya shiga hannunsa.

Diori ba ɗan Damagaram ba ne, amma ƙasarmu ta shiga tarihinsa sau biyu. Na farko, ƙuri'ar mutanenmu da aka soke bayan zaɓen 1958. Na biyu, a garinmu aka tsare shi shekara shida bayan mulki ya kuɓuce masa. Dattawan da suka ga waɗannan abubuwa da idonsu sun yi ƙaranci, shi ya sa muka ga gara a rubuta.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Diori ran 6 ga Yuni 1916 a Sudure, wani ƙauye a bakin kogin Kwara kusa da Yamai. Bazabarme ne. Mahaifinsa ma'aikacin lafiya ne a zamanin Nasara, don haka aka sa shi lakwal tun yana ƙarami, a lokacin da yawancin iyaye ke ɓoye 'ya'yansu kada a kai su. Ya yi karatu a Yamai, ya wuce Porto-Novo ta ƙasar Dahome, wadda ake kira Benin yanzu, daga nan ya shiga makarantar William Ponty ta Senegal, inda Faransa ke horar da malaman makaranta da akawuna na dukan yankin.

Da ya dawo a 1936 sai ya kama aikin koyarwa. Ya koyar a Yamai da Maraɗi. A 1938 aka kai shi Paris, ya riƙa koya wa Turawa masu shirin zama kumandan Hausa da Zabarmanci. Wannan zama ya amfane shi daga baya, don ya san halin Bafaranshe a cikin gidansa, ba a bariki kaɗai ba. Bayan ya komo ya ci gaba da koyarwa, har ya zama shugaban lakwal a Filinge. A 1945 ya auri Aisa, 'yar ƙasar Dogon Dutsi.

Yadda zaɓe ya shigo, da cin 1946

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu talakan Nijar ba ya da ta cewa. Nasa dai biyan lanho, da aikin tilas, da bin umarnin kumandan. Da yaƙi ya ƙare a 1945, Faransa ta yarda ƙasashen da take mulka su aiko da wakilai. Da fari an haɗa Nijar da Sudan ta Faransa, wato Mali ta yau, suka sami wakili guda, Fily Dabo Sissoko, mutumin Sudan. A watan Afrilu 1946 aka yi dokar hana aikin tilas, wadda ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny na Kodebuwa.

A watan Mayu 1946 wasu malamai da ma'aikata suka kafa jam'iyyar PPN a Yamai, Diori na cikinsu. Jam'iyyar ta zama reshen babbar ƙungiyar RDA da aka kafa a Bamako a watan Oktoba na wannan shekara, mai alamar giwa. Ran 10 ga Nuwamba 1946 aka yi zaɓen da Nijar ta sami kujerarta ta kanta, kujera ɗaya tak, Diori ya ci. Yana da shekara 30 a lokacin.

Sai dai a sani, ba kowa ke jefa ƙuri'a ba a wancan zamani. Masu kati su ne ma'aikatan gwamnati, da tsofaffin soja, da sarakuna, da 'yan kasuwa masu takardar izini da makamantansu. Manomin gyaɗa na Mirya ko Magarya ko Matamai bai ma ji labari ba.

A Paris, wakilan RDA sun zauna tare da 'yan Kwaminis a majalisa, don su ne suka miƙa musu hannu. Wannan ya sa gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauke su abokan gaba. A Nijar Gwamna Toby ya tsaya musu a wuya: wanda aka gane ɗan RDA ne sai a canza masa wurin aiki, a jefa shi can nesa, ko a kore shi.

Faɗuwar 1951

A 1948 aka kafa wata jam'iyya a Maraɗi mai suna UNIS, da goyon bayan sarakuna da na gwamna. A wannan shekara aka ƙara wa Nijar kujera ta biyu, Georges Condat, haifaffen Maraɗi, ya same ta. Ga kuma ɓaraka a cikin gida. A 1950 Houphouët-Boigny ya raba gari da 'yan Kwaminis don a sasanta da Faransa. Diori ya bi shi. Amma Jibo Bakari, wanda shi ma ɗan Sudure ne, ɗan'uwan Diori kuma tsohon malamin makaranta irinsa, ya ƙi, ya ce wannan ja da baya ne. Tun daga nan hanyarsu ta rabu, ba ta sake haɗuwa ba.

Ran 17 ga Yuni 1951 aka sake zaɓe. UNIS ta kwashe kujerun biyu, ɗaya ta Condat, ɗaya ta Zodi Ikhia, mutumin yankin Filinge. Diori ya faɗi. Ba wanda ke musun cewa hannun gwamna da na sarakuna ya yi nauyi a wannan zaɓe. Duk da haka Diori bai tayar da fitina ba. Ya ajiye kujerar Paris, ya koma aji a Yamai ya ɗauki alli. Shekara huɗu da rabi ya yi yana koyarwa yana ɗinke jam'iyyarsa. Muna roƙon mai karatu ya riƙe wannan a zuciya: Diori ya ɗanɗana zafin zaɓen da mai mulki ya sa wa hannu, ya kuma ga cewa wanda ya faɗi yau yana iya tashi gobe, muddin an bar masa filin sake tsayawa.

Dawowar 1956, da karon giwa da raƙumi

Ran 2 ga Janairu 1956 aka yi zaɓen Majalisar Faransa. Diori ya dawo da kujerarsa, Condat ya riƙe tasa. Jibo Bakari, wanda ya kafa jam'iyyarsa ta UDN a 1954, ya zo na uku, kuma bai yi nisa da su ba. A 1957 aka zaɓi Diori mataimakin shugaban Majalisar Dokokin Faransa. Ɗan ƙauyen Sudure ya hau kan karaga yana ba wa 'yan majalisar Turawa izinin magana. Ba ƙaramin abu ba ne a wancan lokaci.

Amma darajar Paris ba ta biyo shi gida ba. A watan Yuni 1956 aka yi dokar Defferre, wadda ta ba kowane baligi, mace da namiji, damar jefa ƙuri'a, ta kuma ba kowace ƙasa 'yar gwamnatinta. Da talakawa suka shigo, sai lissafi ya canza. A ƙarshen 1956 Jibo ya haɗa kai da su Condat da Isufu Saidu Jarmakwai, ya zama magajin garin Yamai, Diori ya rasa. Wannan haɗaka ce jama'a suka sani da suna Sawaba, mai alamar raƙumi.

A nan ne ƙasarmu ta shigo. Damagaram ce hedkwatar Nijar daga 1911 har 1926, sa'ad da Turawa suka ɗauke ta suka kai Yamai. Tun daga lokacin manyan makarantu da ofisoshi suka taru a yamma, alhali gyaɗar da ke kawo wa ƙasa kuɗi a gabas ake nomanta. Mutanenmu da yawa sun ɗauki PPN jam'iyyar akawunan Yamai. Sawaba kuwa ta shiga tasha da kasuwa, ta sami direbobi da 'yan kamasho da leburori da teloli da ƙananan 'yan kasuwa, irin mutanen da suka cika Zango. Ga kuma hulɗa da Kano, inda jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano ke yi wa talakawa irin wannan kira. Fatake da ke kai da kawowa tsakanin Damagaram da Kano suna jin magana ɗaya a ko'ina.

Ran 31 ga Maris 1957 aka zaɓi majalisar ƙasa mai kujeru 60. Su Jibo suka sami 41, PPN ta sami 19. Jibo Bakari ya kafa gwamnatin 'yan ƙasa ta farko, Condat ya zama shugaban majalisa. Diori ya koma ɗan hamayya a gida.

Zaɓen ee ko a'a

A 1958 Janar de Gaulle ya dawo mulki a Faransa, ya ce kowace ƙasa ta zaɓa: ee, ta zauna cikin tarayya da Faransa, ko a'a, ta kama gabanta nan take ba tare da taimako ba. Jibo ya ce a'a, kamar Seku Ture na Gini. Diori ya ce ee.

Faransa ba ta shirya barin Nijar ba. A arewa tana yaƙi a Aljeriya, a kudu ga Najeriya na shirin samun 'yancin kai, tana tsoron kada ƙasar Hausa ta karkata can. Aka aiko da sabon gwamna, Colombani, dab da zaɓe. Aka ƙaro soja, aka bi sarakuna gida gida. Su kuma sarakuna suna da nasu fushi, don gwamnatin Jibo ta tuɓe wasu daga cikinsu. Jarmakwai ya bar Jibo ya koma ɓangaren ee. Ran 28 ga Satumba 1958 aka jefa ƙuri'a, aka ce ee ta sami kashi 78 cikin ɗari. Amma waɗanda suka fita ba su kai kashi 40 cikin ɗari na masu kati ba. Sauran sun zauna gida. A watan Oktoba Jibo ya sauka, daga baya aka rushe majalisa.

Ƙuri'ar Damagaram

Ran 14 ga Disamba 1958 aka zaɓi sabuwar majalisa. Haɗakar su Diori ta sami kujeru 49, Sawaba ta sami 11. Waɗannan kujeru 11 daga mazaɓu biyu suka fito: Damagaram da Tasawa. Ke nan duk da matsin da aka sha, mutanenmu sun tsaya a kan abin da suka zaɓa. Ran 18 ga Disamba aka yi shelar Jamhuriyar Nijar, Diori ya zama shugaban gwamnati, Bubu Hama ya zama shugaban majalisa.

Da a ce an bar waɗannan mutum 11 sun zauna, ba abin da za su rage wa gwamnati, don 49 ta fi ƙarfin 11 a kowace ƙuri'a. Iyakar abin da za su yi shi ne su tashi su faɗi kukan manomi da na direba. Amma ba a bar su ba. Aka soke sakamakon mazaɓun biyu, aka ce an yi maguɗi. Kujerun Tasawa aka miƙa wa ɓangaren gwamnati. A Damagaram aka sake zaɓe a watan Yuni 1959, Sawaba ba ta shiga ba, ta ce magoya bayanta su ƙaurace. PPN ta ɗauke kujerun. A watan Oktoba 1959 aka haramta Sawaba gaba ɗaya, Jibo yana gudun hijira. Daga ranar nan majalisar Nijar ta zama ta jam'iyya ɗaya.

Zaɓen da ba abokin takara

Ran 3 ga Agusta 1960 Nijar ta sami 'yancin kai. A watan Nuwamba majalisa ta zaɓi Diori shugaban ƙasa. An sake zaɓensa ran 30 ga Satumba 1965, da kuma ran 1 ga Oktoba 1970. Duka biyun shi kaɗai ne ɗan takara, kuma sakamakon da aka bayar kusan ɗari bisa ɗari ne. A zaɓen majalisa na 1965 da na 1970 kujeru 50 ne, PPN ta ɗauke 50. Sunayen a Yamai ake tsara su, mai zaɓe nasa kawai ya jefa.

Da aka rufe ƙofar akwati, sai wasu suka nemi wata ƙofa. A ƙarshen 1964 'yan Sawaba da suka sami horo a waje suka shigo da makamai ta kan iyakoki. Aka murƙushe su, aka kashe wasu, aka ɗaure da yawa, har waɗanda laifinsu bai wuce tsohon katin jam'iyya ba. Gidaje da dama a ƙasar Damagaram da Tasawa da Maraɗi sun ji a jikinsu, wasu kuma suka tsere Kano ba su dawo ba sai bayan shekaru. Ran 13 ga Afrilu 1965 aka jefa wa Diori gurneti a filin Idi a Yamai, ranar Babbar Salla, Allah ya yi da sauran kwanansa.

Gaskiya ɗaya ce, dole mu faɗi alherinsa. Ya riƙe ƙasa mai faɗi da talauci shekara goma sha biyar ba ta wargaje ba. A zamaninsa aka kafa kamfanin SONARA na cinikin gyaɗa a 1962, aka kuma fara yaƙi da jahilci cikin harsunan ƙasa. Lokacin yaƙin basasar Najeriya, daga 1967 zuwa 1970, Faransa ta karkata ga Biyafara, amma Diori ya tsaya da gwamnatin tarayya, duk da abotarsa da Paris. Duk wanda ke da ɗan'uwa ko abin sana'a a Kano ya san amfanin wannan tsayuwa. A Yamai aka kafa ƙungiyar haɗin kan ƙasashe masu magana da Faransanci ran 20 ga Maris 1970, kuma shugabannin Afirka suna neman sa wajen sulhu.

Fari da juyin mulki

Daga 1968 ruwan sama ya fara ja da baya, zuwa 1973 fari ya kai maƙura. Dabbobi suka mutu, gyaɗa ta lalace, makiyaya da manoma suka kwararo garuruwa. Ana ta maganar cewa hatsin taimako yana ɓacewa a hannun manyan jam'iyya. 'Yan makaranta suka yi ta yajin karatu. A majalisa kuwa ba wanda zai tashi ya tambayi minista inda hatsi ya shiga, don duk wanda ke zaune a ciki jam'iyya ce ta ɗora shi, ba jama'a ba. A daidai lokacin Diori yana jayayya da Faransa a kan farashin yuraniyom na Arlit, wanda aka fara haƙowa a 1971.

Daren 15 ga Afrilu 1974 soja ƙarƙashin Laftanar Kanar Seyni Kunce suka kifar da gwamnati. Aka kashe Hajiya Aisa a fadar shugaban ƙasa. Sojan Faransa da ke Yamai ba su motsa ba. Waɗanda aka ce sun zaɓe shi ɗari bisa ɗari shekara uku da rabi da suka wuce, ba a ga sun fito kare shi ba.

Aka kawo Diori Damagaram aka tsare shi a hannun soja har 1980. Garin da aka soke wa ƙuri'a shi ya zama masauƙinsa na dole. Ba mu faɗi haka don dariya ba, don abin da ya sami wani yana iya samun kowa. Daga nan aka mai da shi Yamai aka yi masa ɗaurin talala. Bai sami cikakken 'yanci ba sai 1987, bayan rasuwar Kunce, sa'ad da Ali Shaibu ya hau. Ya tafi Maroko, ya rasu a Rabat ran 23 ga Afrilu 1989 yana da shekara 72. Jibo Bakari kuwa ya dawo gida a 1974, aka ɗaure shi a 1975, shi ma ya sha shekaru a tsare. Ya rasu a Yamai a 1998.

Abin da muka gani a ciki

In aka jera lissafin, ga yadda yake. Sa'ad da ake takara ta gaske, Diori ya ci a 1946, ya faɗi a 1951, ya ci a 1956, jam'iyyarsa ta sha kaye a 1957. Ba ɗaya daga cikin waɗannan faɗuwa da ta kai shi kurkuku ko ta raba shi da iyalinsa. Bayan 1959 bai sake faɗuwa zaɓe ba, amma faɗuwar da ta zo a 1974 ba ta bar masa komai ba. Kujeru 11 na Damagaram da Tasawa da aka ga kamar ƙaya ce a ƙafa, da an bar su, wataƙila su ne za su gaya masa gaskiyar halin da ƙauye ke ciki tun kafin soja su gaya masa da bindiga. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Sai a zamanin Taron Ƙasa na 1991 jam'iyyu da yawa suka dawo. A 1993 aka yi zaɓen shugaban ƙasa na farko mai 'yan takara barkatai, kuma ɗan Damagaram, Mahamman Usman, shi ya ci. Tsakanin zaɓen Disamba 1958 da wannan rana shekara 34 ne da 'yan watanni. Tsawon lokacin da soke ƙuri'a ɗaya ya jawo ke nan.

Don haka muke kira ga 'yan'uwa, musamman na tafiya da ke Kano da Legas da Yamai da Agadas da sauran wurare: duk wanda ke da tsoho ko tsohuwa da suka ga zamanin giwa da raƙumi, ya zauna da su ya ji daga bakinsu tun suna raye, ko wane ɓangare suka bi. Yaranmu su san cewa kakanninsu sun taɓa tsayawa a layi cikin rana don su faɗi ra'ayinsu, su kuma san abin da ya biyo baya da aka ƙi saurarensu.

Allah ya jiƙan Diori Hamani da Hajiya Aisa, ya jiƙan Jibo Bakari, ya jiƙan dukan waɗanda suka rasa rayukansu a wannan rigima ta kowane ɓangare. Allah ya ba ƙasarmu shugabanni masu jin magana, ya ba mu damina mai albarka. Amin. Sai fitowa ta gaba.